Kwamfuta Ɗaya Don Aiki da Rana, Gem da Dare: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zanen gine-gine ne a Zariya. Da Revit da AutoCAD da Lumion nake cin abinci, da dare kuma nakan ɗan taɓa EA FC da Call of Duty. Na tara kuɗin haɗa kwamfutar tebur. Mai shagon da na je ya ce in ɗauki Core i9, canjin da ya rage in sayi katin hoto mai giga 8, wai furosesa shi ne komai. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi wannan shawara. Ka juya ta ma, kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga katin hoto, wanda ake kira GPU.

Ga dalili. Furosesa yana da ƙananan sassa masu raba aiki da ake kira ƙwayoyi, kuma Revit da AutoCAD yawancin aikinsu a kan ƙwaya ɗaya yake gudana, don haka saurin ƙwayar suke so, yawan ƙwayoyin bai dame su sosai ba. Idan ka sayi mai ƙwayoyi 24, mafi yawansu za su zauna suna kallo lokacin da kake jan layi. Shi kuwa Lumion, da 'yan uwansa irin su Enscape da D5 Render da Twinmotion, kusan duk nauyinsu a kan katin hoto yake. Gem ɗin da kake bugawa ma haka. Ka ga ke nan abin da ke kawo maka kuɗi da abin da ke ɗebe maka kewa sun haɗu a wuri guda.

A cikin katin ma, abin da nake so ka fi zuba wa ido shi ne ƙwaƙwalwarsa, wato VRAM. Ka ɗauke ta kamar teburin tela: in yadi ya fi tebur, komai ƙwarewar tela sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa. Ranar da aka ba ka zanen rukunin gidaje, ka zuba bishiyoyi da motoci da mutane da fitilu, giga 8 za ta cika. Daga nan hoto ya fara tsalle-tsalle, ko manhajar ta rufe kanta ana tsaka da fitar da aiki, mai gida kuma yana ta bugo waya. Wannan ƙwaƙwalwa a manne take da kati, ba a ƙara ta daga baya kamar RAM. Shi ya sa ba na son ka sauko ƙasa da giga 12, in da hali ka kai 16.

Cikin katunan da Nvidia ya fitar a 2025, RTX 5060 Ti iri biyu ne, mai giga 8 da mai giga 16, kuma kwalinsu kusan ɗaya, sai ka karanta da kyau. Mai giga 16 ya fito a dala 429. RTX 5070 ya fi shi gudu amma giga 12 ne, a dala 549. RTX 5070 Ti, giga 16, dala 749, shi zan zaɓa maka in aljihu ya yarda. Waɗannan farashin fitowa ne a Amurka, kafin canjin dala da kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa su hau kai. AMD yana da RX 9070 XT mai giga 16 a dala 599, kuma a gem ba shi da makusa. Amma ga mai aikin zane na fi karkata ga Nvidia, saboda manhajojin fitar da hoto da yawa an daɗe ana gina su a kan fasaharsa ta CUDA, kuma a manhajar zane ta Blender hanyar Nvidia mai suna OptiX ta fi sauri.

Furosesa kuwa, Ryzen 7 9700X ya ishe ka: ƙwayoyi 8, ba ya zuƙar wuta, ba ya zafi sosai, abin da mai zama a Zariya cikin watan Afrilu zai gode masa. Ryzen 7 9800X3D ya fi shi a gem nesa ba kusa ba, amma kai aiki ka sa a gaba, bambancin kuɗin gara ka ƙara wa kati. Ka haɗa 9700X ɗin da babban allo, wato motherboard da ake dasa sauran kayan a kai, mai B650 ko B850. Gurbin furosesa na AM5 da suke amfani da shi ya fito a 2022, AMD kuma ya yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye, wato nan gaba kana iya canza furosesa kaɗai ba tare da ka zubar da allon ba.

RAM giga 32, DDR5 mai gudun 6000, sanda biyu masu 16-16. Farashinta ya yi tashin gwauron zabi daga ƙarshen 2025, amma duk da haka kada ka sauko 16 in Revit da Lumion za su buɗe tare. In an gama haɗawa, ka sa a shiga BIOS, wato saitin babban allon, a kunna EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a gabanka, in ba haka ba RAM ɗin ba za ta yi gudun da ka biya kuɗinsa ba. Ma'aji kuma SSD na NVMe, tera 1 aƙalla, zubi na huɗu, wato PCIe 4.0. Zubi na biyar ya fi tsada da zafi, kuma ba za ka ji bambanci a aikinka ba.

Tambaya: Ina tace bidiyon biki da tallace-tallace a Kano da Premiere Pro. Na ji an ce furosesan Intel suna lalacewa. In koma AMD ne?

Amsa: Hajiya, abin da kika ji yana da tushe, sai dai bai shafi kowane Intel ba. Matsalar ta taɓa zubi na 13 da na 14 na kwamfutar tebur, musamman manya irin su 13900K da 14900K. A 2024 Intel ya amsa cewa wutar da ke shiga cikinsu tana wuce ƙima har ta gajiyar da su, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana kare wanda bai taɓu ba ne kawai, wanda ya riga ya lalace ba ya dawowa. Saboda haka kada ki sayi na hannu daga waɗannan zubi biyu, komai arahar da aka yi miki.

Kafin ki yanke shawara, duba abin da kyamararki ke ɗauka. Kyamarori irin su Sony A7S III da Canon R6 suna iya ɗaukar bidiyo mai bit 10 a tsarin 4:2:2, wanda ke wahalar da kwamfuta. Furosesan Intel suna da wani sashe, Quick Sync, da ke warware irin wannan in an ɗauke shi a tsarin matse bidiyo na HEVC, sai ki ga aikin yana tafiya sumul. Core Ultra 7 265K na 2024 yana da shi, kuma waccan matsala ba ta shafe shi ba. Ki guji duk wanda sunansa ya ƙare da F, domin babu wannan sashe a cikinsa. In kuma katin da za ki saya na jerin RTX 50 ne, shi ma yana warware 4:2:2 da kansa, to a nan Ryzen ba zai cuce ki ba.

Tambaya: Ina Sakkwato. Wuta ba ta zama, janareta da inbata nake haɗawa. Zan iya riƙe irin wannan kwamfuta?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, kuma da ma kowa daga nan ya fara lissafi. Masu ba da shawara a YouTube daga Turai ba su san ɗaukewar wuta sau da yawa a yini ba, balle wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona kaya.

Mu yi lissafi. RTX 5070 Ti yana jan wat 300. In ka haɗa da furosesa da allo da fankoki da monita, ka ƙaddara wat 450 zuwa 500 lokacin da ake matsa mata. Awa biyar a haka ya kai kilowat-awa biyu da rabi. Batirin inbata ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 abin da ke cikinsa gaba ɗaya kilowat-awa 2.4 ne, kuma in mai ruwa ne rabin kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. RTX 5090 shi kaɗai wat 575 ne, ga mai sola sai ya yi dogon tunani. RTX 5060 Ti kuwa wat 180, wanda ya fi dacewa da gidaje da yawa a nan.

Akwatin wutar kwamfutar, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, a nan ne mutane suka fi yin rowa, kuma shi ne in ya mutu yakan tafi da allo da kati. Kada ka karɓi wanda ake haɗawa kyauta da gidan kwamfuta, marar nauyi, marar suna. Nemi na kamfanin da aka sani irin Seasonic ko Corsair ko be quiet!, mai tambarin 80 Plus Gold da tsarin ATX 3.1. Wat 750 Nvidia ya ce a sa wa 5070 Ti. In katin yana da sabuwar wayar nan mai haƙora 16, ka danna ta har ta shige gaba ɗaya, domin rashin shigarta da kyau na cikin abin da ya narkar da bakin wasu RTX 4090 a 2022.

Sai UPS, na'urar baturi da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙaramin nan mai 650VA da ke ofisoshi bai kai wat 400 ba, da kati ya ja wuta zai yi ƙara ya mutu. Ka nemi mai 1500VA. Da shi da inbatar, su zama masu ba da tsabtatacciyar wuta, waɗanda aka rubuta wa Pure Sine Wave a jiki, saboda fawa-fak na zamani yakan kashe kansa in wutar ba irin wannan ba ce. Kada ka jona kwamfuta kai tsaye da ƙaramin janareta, ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba ko gidanka yana da wayar ƙasa, wato earth. Wata dabara: da manhajar MSI Afterburner kana iya rage wutar kati zuwa kashi 80 cikin 100. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, baturi kuma ya ƙara jimawa.

Tambaya: An yi mini tayin RTX 3090 na hannu. In karɓa?

Amsa: Kati ne na 2020 mai giga 24, har yau yana da amfani ga mai Blender. Amma yana jan wat 350, kuma irinsa da yawa sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto a Satumbar 2022. Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, kada kuɗi ya bar hannunka sai an jona shi a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka tabbatar sunan da gigar sun yi daidai da abin da aka ce. Kunna manhajar FurMark, mai matsa wa kati aiki, na kamar rabin awa, ka tsaya a wurin. Ka duba ko ɗige-ɗige masu launi suna fitowa a monita, ka saurari fankoki ko akwai mai gurnani, ka kalli zafin ƙwaƙwalwar a manhajar HWiNFO, domin rabinta a bayan katin take kuma tana yawan ɗaukar zafi. Ka gwada kowace ƙofar monita. Ka nemi a rubuta maka a rasit cewa kana iya dawo da shi cikin mako guda. In mai shago ya ƙi gwaji, ka yi masa sallama.

Tambaya: Na'urar sanyaya mai ruwa da fitilu masu launi, dole ne?

Amsa: A'a. Ga furosesa irin 9700X, mai iska mai hasumiya biyu kamar Thermalright Peerless Assassin ya wadatar, ba famfon da zai mutu, ba ruwan da zai zuba. Kuɗin fitilu ka sa su a gidan kwamfuta mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ka kuma sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa don ƙura ta rage kutsowa ta ramuka. Ɗaga ta daga ƙasa, kuma da hunturu ka riƙa hure ta da abin hura iska duk bayan 'yan makonni, kana riƙe da fankokin kada su juya. In akwai saura, monita ya fi cancanta: inci 27, 1440p, allon IPS mai cikakken launin sRGB, mai gudun hez 144 ko sama, wanda zai nuna maka launin aiki daidai ya kuma yi gem lafiya.