Manhaja ta share tsagar kakana a hoto, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Hoton kakanmu guda ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, an ɗauke shi yana dogari a fada. Ya yi rawaya, gara ta ci gefe guda, ga alamar ninki ta ratsa ƙirjinsa. Ƙanena ya sa shi a wata manhajar waya, ta fito da shi fes har da launi. Amma mahaifiyata na gani ta ce wannan ba babanta ba ne: tsagarsa ta ɓace, fatarsa ta yi haske, rigarsa ta koma shuɗiya. Yaya za mu yi?
Daga wata mai bibiyar wannan shafi, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiyar Hajiya mahaifiyarki ce. Irin waɗannan manhajoji ba ainihin fuskar da ke jikin takarda suke fito da ita ba. An horar da su ne da tarin fuskokin wasu mutane, duk inda hoto ya dusashe sai su cike gurbin da abin da suka saba gani. Da suka ci karo da tsagar Kabawa a kumatu, sai su ɗauke ta a matsayin ƙwarzanen takarda, su shafe. A shagona nan Birnin Kebbi an sha kawo mini irin wannan aiki, dattijo ya koma santalelen saurayin da danginsa ba su san shi ba, kuma abin yana ci mini rai, domin tsaga ita ce shaidar gidan da mutum ya fito.

Ki koma ga hoton takardar. Kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa shi, a kaɗe ƙura da buroshi mai taushi kawai. Idan ya manne da gilashin firam saboda laimar damina, kada a ɓamɓaro, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauke shi tare da gilashin. Ban da salatif, ban da laminatin.

Ki kai shi inda ke da sikana, ki ce a ɗauka a dpi 600 (ma'aunin yawan ɗigon hoto a kowane inci), kuma a tsarin launi duk da cewa baƙi da fari ne. Dalili kuwa, hoton kwamfuta ya kasu sashen ja, kore da shuɗi. Tabon rawaya yakan fito baƙi ƙirin a sashen shuɗi, a sashen ja kuwa da kyar ake ganinsa, mai gyara sai ya yi aiki da mai tsabtar. A adana a nau'in fayil na TIFF, domin nau'in JPEG na zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adanawa. In za a turo miki ta WhatsApp, a turo a matsayin fayil, in ba haka ba, WhatsApp zai matse shi. Wannan kwafin na farko a ajiye shi gefe, a yi gyara a kan wani.

Ninki da cin gara aikin hannu ne a manhajar gyaran hoto ta Photoshop ko GIMP (ita GIMP kyauta ce): a ɗebo daga lafiyayyen wuri na kusa a cike. A riga da bango ba matsala. A fuska kuwa, abin da babu shi a bar shi.

Sai batun rawayar. Iri biyu ce. Akwai ruwan ƙasa da masu wankin hoto na da ke sawa da gangan, ana kiransa sefiya, yakan game hoton bai ɗaya kuma yana ƙara masa ƙarko. Akwai kuma rawayar lalacewa, wadda ke zuwa dabbare-dabbare idan ba a ɗauraye maganin wanki da kyau ba, ko laima ta kama takardar. Ki duba gefen da firam ya rufe, sau da yawa nan ne ya fi kusa da asalin kamarsa. Ni dai na fi son a cire tabon a bar ɗan ɗumin ruwan ƙasa kaɗan, domin baƙi da fari tsantsa yakan sa tsohon hoto ya yi kama da fotokwafi. Wajen daidaita haske a bi a hankali ƙwarai. Kamannin baƙar fata suna cikin sassan da suka yi duhu-duhu ne, tsaga, gemu, inuwar rawani a goshi. In an ƙara duhu sai su nutse, in an cika haske sai mutum ya zama wani daban. Hajiya ta zauna kusa da mai gyaran, ita za ta ce ya isa.

Launi kuwa, kyamarar ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ja da kore na iya fitowa toka-toka kusan iri ɗaya a hoton baƙi da fari, shi ya sa manhaja ta yi kirdado ta ba shi shuɗi, alhali an san dogarai da ja da kore. Wannan ya bambanta da hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 da suka rine suka yi ja: su launinsu na nan, wani sashe ne ya koɗe, ana iya daidaita shi. Idan kuna son mai launi, a tambayi Hajiya da tsofaffin fada yadda rigarsa da rawaninsa suke, a shafa da hannu, launin ya zama mai sanyi. Ki buga biyu, ki rataye baƙi da farin, mai launin kuma a rubuta a bayansa da fensir cewa ƙara masa launi aka yi, da shekarar da aka yi.

Asalin takardar ki sa ta cikin ambulan mai tsabta, nesa da rana da bangon da ke tsatsafo. Fayil ɗin kuma ki raba wa 'yan'uwa biyu ko uku, kada ya zauna a waya ɗaya. A gaishe da Hajiya, Allah ya jiƙan kakanku.