Ɗiyata ta ce mushe yana taɓa ta, dattawan majami'a sun ce in yi shiru

Tambaya: Ni Kirista ce a nan Maraɗi. Ɗiyata mai shekara 11 tana CM1, aji biyar na firamare, a makarantar majami'armu. Shekaranjiya da dare ta faɗa mini wani mushe, wato malamin makarantar, yakan tsayar da ita bayan an tashi, wai ƙarin darasi, ya rufe ƙofa yana taɓa jikinta. Na sami darakta, shi da wani dattijo suka ce in bar kaza cikin gashinta, za su ja masa kunne su canza masa aji, don in magana ta fita gari tana iya zama rikicin addini. Ni ma tsoron ke nan nake ji. Yaya zan yi?

Amsa: Ƴar'uwa, sannu, Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Yau ɗin nan ki kai yarinyar asibiti, ko babban asibitin jiha ko cibiyar kula da uwa da yaro, ko da ta ce taɓawa kawai aka yi. Yara kan fara da faɗin kaɗan su ga yadda uwa za ta ɗauka, sauran ya biyo baya. In abin ya wuce taɓawa, lokaci yana gudu: maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ki nemi likita ya rubuta takardar abin da ya gani. Tufafin da ta sa ranar, in ba a wanke ba, ki naɗe su cikin takarda, ba cikin leda ba, don laima na ɓata shaida.

A gida kuwa, kada ki titsiye ta, kada kuma a tara ƴan'uwa kowa ya sa ta ta maimaita. Duk lokacin da babba ya tambayi yaro "ya yi miki kaza, ko?" to ya sa masa magana a baki, kuma gobe a gaban alƙali wannan ne za a kama a ce koya mata aka yi. Ki ce mata "faɗa mini abin da ya faru", ki saurara, sannan ki rubuta kalamanta yadda ta faɗe su, da rana da lokaci. Ki gaya mata kin yarda da ita, ba ta da laifi. Amma kada ki yi mata alkawarin ba wanda zai ji, domin dole wasu su ji, kuma yaron da aka karya wa wannan alkawari da wuya ya sake buɗe baki.

Batun tsoronki ba zan raina shi ba. Mutanen garin nan ba su manta da watan Yuni na 2019 ba, lokacin da aka ƙona majami'a a Maraɗi, balle ƙone-ƙonen majami'u da aka yi a Zinder da Yamai cikin Janairun 2015. Sai dai shawarar dattawan nan ita ce ta fi kusa da jawo abin da suke gudu. Maganar da ta shiga hannun ƴan sanda da alƙali, magana ce ta mutum ɗaya da ake tuhuma. Wadda aka danne kuwa, ran da ta ɓulla a WhatsApp, makaranta ce da majami'a gaba ɗaya za a ce sun ɓoye. Kuma canza masa aji ba komai ba ne illa miƙa masa wasu yaran. Hukumar da ƙasar Ostireliya ta kafa ta yi bincike daga 2013 zuwa 2017 kan makarantu da majami'u da gidajen renon yara, ta tarar da wannan ɗabi'a sau da yawa: a kare sunan wuri, a mai da mutum wani reshe, ya ci gaba. Abin ba na wani addini ba ne. Duk inda babba ke da iko a kan yaro kuma ba ido a kansa, yana iya faruwa, a makarantar gwamnati, ta allo ko ta mishan.

Za su yi miki maganar gafara, na sani. Ki gafarta in zuciyarki ta kai, wannan tsakaninki da Allah ne. Amma ba fasto ba darakta da ke da hurumin yanke hukunci kan laifi irin wannan. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, dokar 2014 kuma ta tsara aikin kotunan yara, har alƙalin yara yana iya ɗaukar matakin kare yaron da ke cikin haɗari. Ki je komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ki nemi sashen da ke kula da yara, ko jandarma, ko ofishin mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maraɗi. Ma'aikatan kare yara na jiha za su iya raka ki. Ki tafi da babanta ko wani babba da kika amince da shi.

Shi ma wanda ake zargi yana da haƙƙi, bai zama mai laifi ba sai kotu ta ce. Saboda haka kada ki sa sunansa ko hotonsa a Facebook, kada ki bar ƙannenki su je masa gida. Wannan zai tona asirin ɗiyarki, ya kuma iya jawo miki ƙarar ɓata suna. Abin da za ki nema daga makaranta, a rubuce, kina riƙe da kofi, shi ne a janye shi daga hulɗa da yara har bincike ya ƙare, a kuma sanar da sufeton makarantu. Sannan ta bakin ƙungiyar iyaye ku nemi a hana malami keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki ƙofa rufe, a riƙa duba takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, ta duk wanda za a ɗauka aiki, har mai gadi da direba, a kuma naɗa mace guda da yara suka san za su iya kai mata kuka.

Kafin a janye shi, kada yarinyar ta koma ajin. Ki lura da barcinta da cin abincinta, ko ta fara fitsarin kwance ko firgita, ki faɗa wa likita a zuwa na gaba.