Robar wankin ƙoda da ake binnewa a ƙirji: amsoshin likita ga masu karatu

Tambaya daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo: Likita, mahaifinmu ya fara wankin ƙoda da roba a gindin cinya. Yanzu an ce a cire ta a sa wata mai tsada a ƙirji. Tunda ta cinyar tana aiki, me zai hana a bar ta?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Robar cinya ta gaggawa ce, ana sa ta ne domin a ceto rai a ranar da aka kawo mara lafiya a galabaice. Tana shiga jijiya kai tsaye daga inda ta huda fata, kuma wurin mai gumi ne, ga shi kusa da mafitar bawali da bayan gida, shi ya sa ba ma son ta wuce kamar mako guda. Wadda ake so a sa masa, wadda ma'aikata ke kira famkat, ana shigar da ita ne ta babbar jijiyar wuya, galibi ta gefen dama domin ita ce ta miƙe zuwa zuciya, har bakinta ya kai ɗakin sama na dama na zuciyar. Sauran jikinta kuwa sai a bi da shi ta ƙarƙashin fata ya ɓullo a saman ƙirji. A jikinta akwai wani ɗan zobe mai kama da ƙyalle wanda nama ke kamawa cikin 'yan makonni, ya riƙe robar kada ta zame, ya kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Baki biyu gare ta, ja da shuɗi: ta ɗaya inji ke jan jini, kimanin mililita 300 a minti guda, ta ɗayan kuma ya mayar da shi bayan an tace. Yawanci allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin, kuma ana iya wanki da ita a ranar da aka sa ta. Na san kuɗin yana da nauyi a kan manomi, amma jinyar cutar da robar cinya ke sa wa jini ta fi shi nauyi.

Tambaya daga Sumaila: Maigidana yana da wannan roba. Yaya zai yi wanka, kuma zai iya zuwa gona da damina?

Amsa: Hajiya, abin kiyayewa shi ne kada ruwa ya taɓa bandejin. Ya daina kwara ruwa daga ka da kwano, ya riƙa wanka daga cibiya zuwa ƙasa, ya goge kafaɗa da baya da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ya wanke kai a sunkuye. Alwala ba ta kai ƙirji, saboda haka babu damuwa a kanta. Game da wankan ibada, ku tambayi malamai hukuncin shafa a kan bandeji, domin addini ya yi wa mai larura sauƙi. Shiga rafi ko kududdufi ko fadamar shinkafa ya haramta gare shi muddin robar tana jikinsa. Zai iya zagaya gona ya duba 'yan ƙwadago, amma huɗa da ɗaukar buhu a kafaɗar da robar take suna ɓamɓare filasta su ja robar. Idan bandeji ya jiƙe ko ya ɗaye, a kai shi asibiti a sauya da kayan da aka tsabtace. Kada a shafa man kaɗanya ko toka ko garin magani a wurin.

Tambaya daga Ringim: Ƙanina yakan yi rawar ɗari ana cikin wanki ko bayan ya dawo gida, sai mu sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Daidai ne?

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi kwana biyar ana ba shi maganin maleriya a gida. Da muka ɗaga bandejin sai ga wurin ya yi ja, mugunya tana tsattsafowa, jininsa kuma ya yi ƙasa sosai. Robar nan ƙofa ce da ta buɗe har cikin zuciya, kuma ƙwayar cutar da ke zaune a fatar mutum lami lafiya, idan ta bi ta cikinta, tana iya kama marfin zuciya ko ƙashin baya. Rawar ɗarin da ke tashi bayan an jona inji alama ce mai ƙarfi cewa cutar tana cikin robar, domin jinin da ke gudana ne ke kwaso ta ya watsa a jiki. Maleriya tana nan, kuma za a gwada ta, amma mai wannan roba idan ya yi zazzaɓi, a ranar ya kamata ya isa cibiyar wankinsa a ɗebi jini a yi gwajin ƙwayoyin cuta, a fara allurar da ta dace. Wani lokaci dole sai an cire robar an sa sabuwa.

Tambaya daga Gaya: An ce a yi wa mahaifiyata fistula a hannu, ta ƙi, ta ce robar ta ishe ta. Za ta iya zama da ita har abada?

Amsa: Mata da yawa suna firgita da kalmar ne saboda sun san ta a kan yoyon fitsari, alhali babu abin da ya haɗa su. Wannan ƙaramin aiki ne da ake haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a hannu, domin ta biyun ta kumbura ta yi ƙwari har ta ɗauki allurar wanki. Likitoci a birnin Niyok na Amurka suka fito da dabarar a 1966, kuma har yau ita ce ta fi daɗewa, ta fi ƙarancin kamuwa da cuta. Takan ɗauki kamar mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna, kuma a wannan tsakanin ne robar ƙirji ke da amfani. Robar tana iya yin watanni, wasu har fiye da shekara, sai dai jini yana daskarewa a cikinta, kuma daɗewarta yana ƙuntata manyan jijiyoyin ƙirji, har hannu ko fuska su kumbura, a rasa inda za a yi fistular daga baya. Akwai waɗanda roba ta fi dacewa da su, kamar mai raunin zuciya ko wanda jijiyoyinsa suka lalace, kuma likitan ƙoda, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi zai tantance. Kafin nan, kada ku bari a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a hannun da aka keɓe mata.

Tambaya daga Kazaure: Mai kemis zai iya yin ƙarin ruwa ta robar, tunda jijiyar hannu tana wuyar samu?

Amsa: A'a. Ma'aikatan wankin ƙoda kaɗai ke buɗe ta, domin a cikinta akwai maganin hana jini daskarewa wanda sai an zuƙe shi tukuna. Idan murfi ya faɗi ko robar ta tsage, a matse ta da makullin da ke jikinta, tsakanin tsagar da ƙirji, a kwantar da mara lafiya a gefen hagu. Idan ta zame waje, kada a tura ta ciki, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nemi mota nan take ko da tsakar dare ne.