Zan Iya Ajiye Maganin Suga In Koma Kan Abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 49, nauyina kilo 96. Bara aka gano ina da ciwon suga, aka ɗora ni a kan metformin. Na bar tuwon shinkafa na koma na alkama, kullum kuma ina shan ruwan zogale. Wani abokina ya ce a Turai da abinci kawai ake warkewa. In ajiye maganin?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya ji. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna DiRECT da aka yi a Birtaniya. An ɗauki masu ƙiba da ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba, aka tsare su a kan abinci na musamman, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 850 kacal a rana, na wata 3 zuwa 5, ma'aikatan lafiya na bibiyarsu. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba magani. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini) ne ya narke, jiki ya koma aikinsa. Sai dai lafawa ciwon yake yi, ƙiba na dawowa zai biyo ta.

Kai da ciwonka bai daɗe ba, ga kuma jiki, kana da dama sosai. Abin da ya dame ni shi ne alkamar nan. Ita ma sitaci ce, malmala biyu ta alkama za ta ɗaga maka suga kusan yadda ta shinkafa ke yi, haka ma acca. Ka ci rabin malmala, miyar kuɓewa ko ta ganye ta fi tuwon yawa, ka riƙe wake, kifi da ƙwai. Zogale ka ci shi a kwaɗo, ganye ne mai amfani, amma ba ya tsayawa a madadin magani. Na san zaman shago: shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba in baƙo ya zo, fura da suga bayan la'asar. Nan ne kilo 96 ya fito. Zuma ma suga ce, kada a ruɗe ka.

Ka riƙa tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko da bayan Isha'i ne.

Maganin kuwa, don Allah kada ka ajiye da kanka. Suga kan ci ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa mutum yana jin garau. Ka gaya wa likitanka niyyarka, a riƙa yi maka gwajin HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin suganka na watannin baya, duk wata uku. In yana sauka, shi zai rage maganin a hankali. Ba a cewa ciwon ya lafa sai gwajin ya zauna ƙasa da 6.5 bayan wata uku ba magani. Masu allurar insulin da marasa ƙiba, waɗanda suna da yawa a asibitocinmu, wannan tsari na rage nauyi ba nasu ba ne.