Amsa: Filastar siminti a bangon tsohuwar mashaya a Dablin, babban birnin Ayalan

Malam, kana tambaya ko za ku iya kankare tsohon yaɓen mashayar da aka gina a ƙarni na 19 ku maye gurbinsa da siminti saboda danshi. A'a, kada ku yi. Ku mayar da yaɓen laim, wato farar ƙasar gini da ake samu daga ƙona farin dutse, irin wanda aka gina ta da shi. Kafin ma ku ɗaga guduma, ku duba ko ginin yana cikin rajistar gine-ginen da ƙaramar hukuma ta kare. Idan yana ciki, kariyar ta haɗa har da kantar sayar da abin sha, da madubai, da ɗan lungun katakon nan da ake keɓewa a gefen kanta. Sashe na 57 na dokar tsara gine-gine ta 2000 ya ba mai gini damar neman takardar da ke fayyace aikin da sai da izini.

Dalili kuwa, bangon dutse ko tsohon bulo yana shan ruwan saman Ayalan, kuma ta jikin laim yake fitar da shi. Siminti toshe hanyar yake yi, sai danshin ya haura sama, gishiri ya feso, katakon da ke jingine da bango ya ruɓe daga baya ba a sani ba. A kwaɓa laim NHL 3.5 (nau'in laim mai matsakaicin ƙarfi da ke daskarewa da ruwa) awo ɗaya da yashi mai kaifi awo biyu da rabi, a yi shafi uku, kowanne kada ya wuce milimita 10, a bar shi ya sha iska kafin na gaba. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius, a dakata. Amma a fara gyara indararo, don sau da yawa daga nan ruwan yake.