Tambaya da Amsa: Yaya injin CNC yake sassaƙa ƙarfe?

Tambaya: Malam, ni mai sassaƙa ƙarfe ne a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma da hannu nake murɗa injina. Na ji ana cewa akwai injin CNC mai aiki da kansa. Yaya yake aiki, kuma ƙwarewata za ta yi amfani a kansa?

Amsa: CNC na nufin injin da kwamfuta ke sarrafawa da lambobi. Cewa yana aiki da kansa zuguiguta magana ce, domin umarni kawai yake bi. Kwamfutar da ke jikinsa tana karanta jerin lambobi, sannan ta tayar da injinan lantarki masu matsar da wuƙar yanka zuwa daidai inda aka rubuta. Wato aikin da hannunka yake yi a kan mamurɗi shi ne lambobin suka ɗauka. Injin da ke juya ƙarfe yana tafiya a hanyoyi biyu, X da Z, mai sassaƙa shimfiɗaɗɗen ƙarfe kuma yana ƙara Y, akwai ma masu hanyoyi biyar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna injin da ke karɓar umarni daga doguwar takarda mai huji, da tallafin rundunar sojin saman ƙasar.

Harshen umarnin ana kiransa G-code. Idan aka rubuta M03, sandar injin ta fara juyawa. G00 na nufin wuƙa ta ruga da sauri ba tare da yanka ba, G01 ta yanka a miƙe, G02 kuma ta yi baka. Yawanci a kwamfuta ake zana kayan, wata manhaja ta fitar da lambobin.

Ƙwarewarka kuwa, a ganina, ita ce jarin da ya fi wuyar samu. Injin bai san bambancin alminiyam da baƙin ƙarfe ba, ba ya kuma jin ƙarar wuƙar da ta dakushe. Mutum ne zai ɗaure ƙarfen da kyau, ya zaɓi wuƙa da saurin juyawa, ya nuna wa injin inda sifili yake, wato wurin da zai fara awo daga gare shi. Idan aka kuskure wannan sifilin da milimita biyu, injin zai iya kutsa wuƙar cikin maɗaurin ƙarfen ba tare da wata-wata ba. Shi ya sa masu aikin sukan fara gwada sabon umarni a iska, sama da ƙarfen, yatsansu na kan maɓallin tsayarwa.