Me ya sa zan biya haya don ajiye sabata a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a Kano, muna sayar wa shaguna da makarantu intanet. An ba ni shawarar in kai sabata, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana aika wa abokan cinikinmu, wata cibiyar bayanai a Legas in riƙa biyan haya, alhali ina da ofis da janareto. Me zan samu can da babu shi a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar taka ce, kai za ka saya, kai za ka sarrafa ta daga Kano. Abin da kake haya shi ne gurbi a cikin wata doguwar durowar ƙarfe, da wuta, da sanyi, da tsaro.

Wuta da sanyin kaɗai sun isa hujja. Saba ba ta barci, zafi take fitarwa dare da rana, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata fanka. A cibiya mai daraja ta uku (Tier III a ma'aunin ingancin cibiyoyin bayanai), wuta na zuwa ta hanya fiye da ɗaya: idan an ɗauke, batura su riƙe kafin janareto ya tashi, kuma ana iya gyaran kowane sashe ba a kashe na'urar kowa ba. Janaretonka guda, ranar da ake canza masa baƙin mai fa?

Amma ni a ganina babbar ribar ita ce maƙwabtan da za ka samu, wato sauran kamfanonin sadarwa. Ɗan kasuwa ba don rufin kwano yake kama rumfa a Kantin Kwari ba, don kowa na nan ne. Wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo mana intanet, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke hawowa tudu. Shi ya sa cibiyoyi kamar Rack Centre a Ikeja da MDXi a Lekki suka zauna can, kuma darajar harkar ta kai Equinix, kamfanin cibiyoyin bayanai na Amurka, ya sayi kamfanin MainOne a 2022 kan dala miliyan 320. A cikin irin wannan gini, haɗa ka da wani kamfanin sadarwa aikin siririyar wayar gilashi ce guda, ma'aikaci ya ja ta ta saman durowoyi ya soka a taka na'urar. Ba tona titi, ba neman izini. Idan wani ya tsawwala farashi, ka koma wa na kusa da shi.

Ka tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Kwaddibuwa, bankuna suka rikice? Wanda ke da hanya ta biyu ta wata wayar ya fi saurin farfaɗowa.

Sai dai kada ka kwashe komai ka kai kudu. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma masu aikin titi na yawan datse waya a hanya. Yana damuna ƙwarai a ce saƙo daga Fagge zuwa Sabon Gari sai ya je bakin teku ya dawo. Mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, tana da reshe a Kano. Ka fara haɗuwa da ita, abin da abokan cinikinka ke buɗewa kullum ya zauna kusa da su.

Kafin ka sa hannu, tambaye su kamfanonin sadarwa nawa ne a ginin, nawa ne kuɗin jan kowace waya a wata, da naira ko da dala ake lissafin wuta, kuma wa zai danna maka maɓalli idan sabar ta daskare da tsakar dare.